Yadda na koya wa 'yata karatu a gida da foniks (koyon karatu ta sautin haruffa), bayan na ɓata wata huɗu ina kame-kame

Tun ranar da na ɗora bidiyon yarinyata a WhatsApp tana karanta rubutun jikin kwalin madara mata suke ta turo min saƙo wai dan Allah wane malamin lesin na ɗauka mata, nawa yake karɓa. Wallahi babu wani malami, ni ce da ita da tabarma da marafen lemo, sai wata maƙwabciyata da Allah ya haɗa ni da ita. Amma kafin mu kai nan na yi asarar kuɗi na kuma sa yarinya kuka ba gaira ba dalili, shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai tiryan-tiryan ko wata za ta huta da abin da na sha.

Mutuniyar tawa ('yar fari ce, kun san ba a faɗar suna) tana da shekara 5 lokacin, tana nazare 2 a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu a Kano. Duk ƙarshen zango sakamakonta lafiya lau, tana rera A B C D har Z ba ta tsallake ko ɗaya, in ta ɗauko littafinta tana bi da yatsa tana faɗa sai ka rantse da Allah karatu take. Ranar da asiri ya tonu wata Asabar ce ina yi mata tsifa, littafin yana kan cinyarta, haka kawai sai na sa babban yatsana na rufe hoton da ke saman kalmar nace karanta min wannan. Shiru. Tana ta ƙoƙarin ture min yatsa ta leƙa. Na ɗauko biro na rubuta cat a bayan takardar kuɗin wuta, ta kalla tace "si, e, ti", nace yauwa to me ya ba ki kenan, ta ɗago ta dube ni ta dubi takardar tace "apple". Na yi dariya a lokacin amma da daddare abin ya hana ni barci, ashe duk shekara biyun nan hadda ce kawai da kallon hoto.

Ranar Litinin na kai ta da kaina na tsaya ganin antinsu. Na zauna a benci ƙofar ofis sama da minti 40 saboda ana asembili, sannan aka ce sai ta gama kiran suna. Da ta fito na yi mata bayani tace "haba Maman yara ki kwantar da hankalinki, ai duk haka suke, sai sun shiga firamare 2 kansu yake buɗewa", amma in ina so akwai lesin bayan an tashi, naira 5,000 a wata. Na biya wata biyu. Abin da na samu shi ne yarinya tana dawowa ƙarfe 3 saura a galabaice, ga Islamiyya ƙarfe 4, littafinta cike da kwafin Aa Bb Cc layi-layi. Rubutunta ya yi kyau gaskiya, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma karatu yana nan inda yake. Sai na cire ta nace zan yi da kaina, na shiga Sabon Gari wajen masu littattafai na jido babbar takardar nan ta mannawa a bango mai haruffa da hotuna da wasu littattafai 3, da kuɗin adaidaita komai ya tasar wa 9,000. Wata guda ina nuna bango da muciya ina tsawa, ita tana kuka ni ina huci, rabin hotunan ma abubuwa ne da ba ta taɓa gani ba a rayuwarta, ni kaina wani abin kiɗa da aka sa wa X ban san ko mene ne ba. Har dai Abbansu yace "ki bar yarinyar nan ta sha iska mana, jami'a za ta shiga gobe?" Na ji haushinsa amma gaskiya ya faɗa.

A gidan suna na haɗu da mafita. Muna zaune ana jiran abinci ina ba wata labari, sai wata maƙwabciyarmu da muke gaisawa sama-sama, malamar aji 1 ce a firamaren gwamnati, ta juyo tace "sunan harafin kike koya mata ko sautinsa?" Ban ma gane tambayar ba. Tace in zo gidanta ranar Alhamis da yamma tunda babu Islamiyya. Na je da yarinyar, ta shimfiɗa mana darduma ta ɗauko wani littafi da aka ba su a bitar da SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ta shirya musu kan wani tsarin foniks mai suna Jolly Phonics. Bayanin da ta yi min bai fi minti 10 ba amma ya warware min abin da na yi wata huɗu ina fama da shi. Tace ki faɗi si, e, ti da sauri sau ɗari, ba zai taɓa zama cat ba, dan waɗannan sunaye ne, kalma kuma da sauti ake gina ta. Tace kamar akuya ce, sunanta akuya amma kukanta mee, to kowane harafi yana da suna yana da kuka, karatu kuma kukan yake buƙata. Ta tuna min yadda muka yi a makarantar allo, babbaƙu tukuna sannan farfaru, ba wanda ake miƙa wa sura ranar farko ace ya ja. Tsarin nasu daga Ingila ya fito, sauti 42 ne aka kasa gida 7, kuma ba a bin jerin A B C, ana farawa da s, a, t, i, p, n saboda da waɗannan shidan kaɗai yaro zai iya haɗa kalmomi da yawa irin su sat, pin, tap, sit, ant, tin tun a makon farko. Kowane sauti da motsinsa, s ana lanƙwasa hannu kamar maciji, a ana tafiyar da yatsu a dantse kamar tururuwa na hawa, p a ɗaga yatsa ɗaya a hura kamar ana kashe kyandir.

Sannan tace wani abu da ban so ji ba, tace in da 'yarta ce da Hausa za ta fara mata, dan Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula 5 ne kacal kuma ba sa canja hali kamar na turanci, yaro in ya gane dabarar haɗawa da harshen da yake ji to turanci sai dai ya ƙara a kai. Har tace a Bauchi da Sakkwato an yi wani shiri mai suna Mu Karanta da yara suke fara karatu da Hausa a makarantun gwamnati. Ni dai a raina nace ina biyan kuɗin makaranta dan ta iya turanci za a ce in koma Hausa, na yi godiya na taho da niyyar yin turancin kai tsaye.

Sati 3 na yi a kan turancin. Sautukan ta kama su da wuri dan tana son wasan macijin, matsalar daga bakina take. Mu Hausawa harshenmu ya saba kowane baƙi sai ya jawo wasali a bayansa, sai in ce sa maimakon sss, in ce ta maimakon t ɗin nan gajere da ba murya. Ranar da na jera mata s, a, t nace haɗa, ta bi yadda na koya mata tace "sa, a, ta", ta yi shiru, sai ta zaro ido tace "Umma sata! Ba kyau!" Na yi dariya har da hawaye amma nan na gane ni ce nake ɓata mata. Ga kuma p, ni kaina fin nake cewa maimakon pin. Na koma wajen Malama, ta yage takarda siririya ta riƙe a gaban leɓena tace in rufe baki ruf sannan in sake shi lokaci ɗaya, in takardar ta yi tsalle to p ce, in ta kwanta a hankali to f na yi. Ta rinƙa turo min sautukan ta saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, ina wanke-wanke ina saurara ina maimaitawa kamar mai taɓin hankali, na kuma sayi datar dare na sauke waƙoƙin koyon sautukan daga YouTube dan kar kullum a ci min kati. Duk da haka haɗawar ta ƙi, za ta faɗi p, i, n daidai amma ta kasa jin kalma a ciki, kuma da na zauna na yi tunani ai ba ta ma san mene ne pin ko tap ba, ko ta haɗa daidai ba abin da zai faɗa mata cewa ta dace.

Haka na sauke girman kai na koma Hausa. Na tara marafen lemo wajen 30 daga mai shagon layinmu, na sayi maka ta 500 na rubuta harafi ɗaya a cikin kowanne, ƙananan haruffa ba manya ba dan su ne suka fi yawa a littafi. Muka fara da a, m, n, k, sai i da u. Lokaci ma sai da na yi ta gwaji, bayan boko ta gaji, bayan Islamiyya yunwa, sai muka tsaya a kan bayan sallar magariba kafin a zuba tuwo, minti 15 ba ƙari, in ba wuta mu kunna fitila mai caji. Yadda nake yi, in ajiye m can in ajiye a nan, in rinƙa jan mmm ina turo marfin a hankali har ya bugi a ya zama ma, sai ita ma ta tura da hannunta. Kwana 4 muna ma, mi, mu, na, ni, nu, ka, ki, ku. Dare na biyar na jera marafe 4 ban ce komai ba. Ta sa yatsa tace "nnna", ta matsa tace "mmma", ta sake da ɗan sauri, na ga fuskarta ta canja, sai ta daka tsalle marafen suka watse tace "nama! Umma nama ne!" ta ruga kicin wai za ta nuna min a tukunya. Ranar ba nama a miyar ma, kuka ce da daddawa, amma Abbansu da ya dawo ya ji labari sai da ya fita ya siyo mata tsire. A daren ta karanta mama, kaka, kuka, nan, kai, ba wanda ta taɓa haddacewa.

Daga nan abin ya yi gudu, harafi 2 ko 3 a sati, kuma duk wanda aka ƙara sai in rubuta mata gajerun jimloli da haruffan da ta sani kawai, irin Kaka ta ci tuwo, Baba ya sayi rago, a bayan tsohuwar kalanda. Masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, ban sha wahalarsu ba dan bakinta ya riga ya san su, nuna mata kawai na yi cewa baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, ita ta sa musu suna masu hula. Sai sh da ts na ce mata aminai ne, in suka zauna tare murya ɗaya suke yi. Abin da ya ɗan rikita ta shi ne irin gari na zama da gari na tuwo da rubutunsu iri ɗaya ne, nace mata ta karanta jimlar duka za ta gane wanne ake nufi, kuma ta gane.

Inda hankalina ya tashi sosai shi ne b da d. Sai ta karanta dawa a matsayin bawa, ta rubuta baba da d, wani lokacin kuma ta faro kalma daga dama, an ta ce na. Wata ƙawata ta tsorata ni wai ko idonta ne, na kai ta asibitin ido. Mun isa 7:30 na safe, kati 2,000, muka zauna layi har kusan 12 da yarinya da ƙaninta a baya, aka sa ta ta kalli allo aka haska idon, likita yace idonta ƙalau kuma juya b da d abu ne da yara masu shekarunta suke yawan yi, in ta girma bai bari ba sai a sake dubawa. Farowa daga dama kuwa Malama ce ta gano, tace ai yarinyar kullum tana Islamiyya tana bin Larabci daga dama zuwa hagu, dole kai ya ɗan haɗa. Sai na rinƙa ɗiga jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi nace boko daga jan ɗigo yake tashi. Na b da d kuma ta dunƙule hannayenta biyu ta ɗaga manyan yatsu, na hagu ya ba da siffar b na dama ya ba da d, nace d ta dama ce, shikenan in ta rikice sai in ga ta saki fensir ta dunƙule hannu tana dubawa. Ya ɗauki wajen wata 2 kafin ta daina, har yanzu in tana sauri takan yi.

Bayan kamar wata biyu da rabi muka koma turanci, wannan karon s, a, t, i, p, n a sati ɗaya ta haɗa su dan dabarar ta riga ta zauna. Amma kar wata ta ɗauka ba rikici, akwai. Mun shiga kashi na biyu mai c, k, e, h, r, m, d na rubuta cat ɗin nan dai da ta fara tona mana asiri, ta karanta shi da c ɗin Hausa irin ta ci da cokali. Haka u, a Hausa u ce sak amma a cup ta koma kusan a. Dabarar da na yi, na raba gwangwani biyu, marafen Hausa da jar maka, na turanci da shuɗiya, kuma ba na haɗa su rana ɗaya, Asabar zuwa Litinin Hausa sauran ranakun turanci, Juma'a hutu. Sai kalmomin nan da ba sa bin doka irin the, was, said, one, waɗanda in ka bi sauti ba za su fito ba, muka sa musu suna masu taurin kai, na rubuta su a kwali na manna a ƙofar firij, guda 2 a sati, duk wanda zai sha ruwa sai ya karanta, har Abbansu ba ta ɗaga wa ƙafa. A makaranta kuma aka ɗan samu saɓani, anti tace a faɗi haruffan kalma yarinya ta tashi tana sss tana lanƙwasa hannu, yara suka yi mata dariya ta dawo tana kumbure-kumbure. Na je na yi wa antin bayani cikin lalama, a gida kuma na koma kan maganar akuya, nace in anti ta tambaya suna take so, in za ki karanta kuka za ki yi.

Akwai lokacin da muka tsaya cak, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita sati 2, ga azumi ya shigo bayan magariba kowa ta cikinsa yake. Da muka dawo ta manta ai da oa da ee gaba ɗaya, na ji kamar in yi kuka, amma kwana 3 na bita suka dawo. Da a ce na san haka tun farko da ban rinƙa tayar da hankalina kan kowane mantuwa ba.

In na haɗa lissafi, abin da ya yi aiki bai kai 4,000 ba, maka 2, kwali, data, sai turaren wuta da na kai wa Malama dan ta ƙi karɓar ko sisi. Abin da na kashe kafin nan ya haura 20,000 in an sa da asibiti, duk da na asibitin ban yi da-na-sani ba dan ya kwantar min da hankali. Wadda za ta fara, ni dai shawarata ki fara gwada yaronki tukuna, ki rufe hoton ki rubuta kalmar a wata takarda daban, dan sakamakon makaranta ba zai gaya miki gaskiya ba. Ki gyara bakinki kafin ki koya masa, ki samu wadda ta iya ta saurare ki, malaman aji 1 na gwamnati da muke rainawa da yawansu sun yi wannan bitar kuma sun fi mu sanin abin. Ki fara da harshen da yake magana da shi a gida. In kin ga ya fara hamma ko wasa da yatsun ƙafa ki tattara kayan ko minti 5 kuka yi, duk daren da na matsa sai mun ƙarasa to washegari sai ta ɓuya a bayan labule in ta ga na ɗauko gwangwani. Kuma kar ki faɗa masa kalmar da wuri in ya tsaya, ki ƙirga goma a ranki, sau da yawa a na bakwai take fitowa. Littattafan kasuwa kuma ki duba cikinsu kafin ki biya, wasu an rubuta foniks a bango amma shafin farko kalmomi ne da yaro sai ya yi wata shida bai kai su ba.

Yanzu wata 8 kenan da daren nama. Hausa tana karanta duk abin da ta gani, a adaidaita ba ta barin allon shago ko rubutun bayan mota ya wuce, rannan a shagon layinmu ina shirin ce wa mai shago ya rubuta min sukari zuwa jibi ta ɗaga kai ta karanta da ƙarfi "ba bashi yau sai gobe", mutane suka kwashe da dariya, haka na lalubo kuɗin cefane na biya. Turanci muna kashi na 6, th ta tsaya mana a wuya dan ni ma za nake cewa, Malama tace in kai ta ranar Alhamis ta nuna mata yadda ake sa harshe tsakanin haƙora. Marafen lemon kuma na kwashe su na zubar tun da na ciro ɗaya daga bakin ƙaninta mai rarrafe, na yanka kwalin taliya manya-manya na sake rubuta haruffan a kai, in kina da ƙaramin yaro a gida ki fara da kwalin tun farko.